Neman PS2 a cikin PS3: wata takwas na wani gidan gem a Samaru

Asalin lamarin, 2012 zuwa 2023

Shagon yana wani layi a Samaru, ba nisa da Jami'ar Ahmadu Bello. Ɗaki ɗaya ne da rumfa, benci huɗu, talabijin huɗu. Mai shagon, wanda yaran layin ke kira Oga, ya buɗe shi a 2012 da na'urar gem ta PlayStation 2 (PS2) guda huɗu, dukkansu an sa musu cif don su karanta faifan kasuwa. A lokacin na'urar ta riga ta tsufa, domin tun watan Maris na 2000 ta fito a Japan, kuma kamfanin Sony ya daina ƙera ta a farkon 2013. Amma a Zariya ita ce ke ci. Ga araha, ga jure ƙura, ga masu gyara a Sabon Gari da suka san cikinta kamar yunwar cikinsu.

Masu zuwa shagon iri biyu ne. Akwai yaran makaranta da ke zuwa bayan la'asar. Akwai kuma manya, wasu ɗalibai, wasu 'yan acaba da teloli, waɗanda suka girma da ƙwallon kamfanin Konami, musamman PES 6 na 2006, suka kuma ƙi rabuwa da shi. Su ne ke zama har dare, su ne ke biyan kuɗin da ke riƙe shagon.

Abin da ke fara mutuwa a PS2 shi ne idon da ke karanta faifai. Oga ya sauya ido sau da dama, amma waɗanda ake samu daga baya ba su daɗewa. A lokacin yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, Samaru ta yi tsit, ciniki ya faɗi, ya daina kashe kuɗin gyara. Zuwa tsakiyar 2023 na'ura ɗaya ce kawai ke karanta faifai, ita ma sai an kifa ta ko an jingina ta da bango. Sauran ukun ya tura su ƙarƙashin benci cikin kwali.

Oktoba 2023: sayen na'urori

Ya tara kuɗi ya sayo PlayStation 3 (PS3) 'yan kwatano guda uku, siraran nan na ƙarshe masu murfin da ake turawa gefe. Mai sayarwar ya ce masa suna cin komai, daga PS1 har PS3. Bai duba lambar da ke jikin takardar bayansu ba, bai ma san tana da ma'ana ba.

Ranar farko faifan PS3 ya tashi lafiya. Faifan PS2 kuwa, na asali da na kasuwa, babu wanda ya tashi. Ya goge, ya hura, ya sauya na'ura, amsar dai ɗaya.

Dalilin yana cikin tarihin na'urar. PS3 ta fito a Nuwamban 2006 a Japan da Amurka, sannan Turai a Maris na 2007. Samfuran farko masu ƙiba, na 20GB da 60GB, an saka musu kwakwalwar PS2 ta gaske a ciki, wato sassa biyu da ake kira Emotion Engine da Graphics Synthesizer. Na Turai an cire na farkon aka bar na biyun. Daga samfurin 40GB na ƙarshen 2007 aka cire duka biyun don rage tsada. Siririyar 2009 da wadda ta fi ta siranta ta 2012, wato irin ta Oga, ba su taɓa karanta faifan PS2 ba. Mai sayarwar ya faɗi gaskiya a kan PS1 da PS3 kawai, domin kowace PS3 tana karanta faifan PS1 na asali.

Manyan kwastomomi suka gwada PES 2018, na ƙarshe da aka fitar wa PS3, suka ce ba shi ba ne. Ƙwallon ba ta fita daga ƙafa yadda suka saba. Suka ci gaba da yin layi a kan tsohuwar PS2 ɗin nan mai jingine da bango.

Disamba 2023: buɗe na'urorin

Wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta da ke zuwa shagon ne ya juya na'urorin ya karanta lambobinsu: biyu CECH-4004C, ɗaya CECH-4004A. Ya ce, "Oga, waɗannan ba a yi musu cikakken buɗi. Amma akwai ƙaramar ƙofa."

Ga abin da yake nufi. A Oktoban 2011 Sony ta fara sayar da wasu tsofaffin wasannin PS2 ta intanet a ƙarƙashin sunan PS2 Classics. Don su yi aiki, ta saka wata manhajar kwaikwayo a cikin manhajar tushe (babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura) ta kowace PS3, wadda ke sa na'urar ta riƙa yin kamar ita ce PS2. Ke nan abin da Oga ke nema yana cikin na'urorinsa tun ranar da ya saye su, sai dai a kulle, ba ya karɓar komai sai abin da Sony ta sa wa hannu. Aikin manhajojin haɗin-gida, waɗanda masu harkar ke kira homebrew, shi ne buɗe wannan kullen. Ba kamfani ne ke rubuta su ba, masu sha'awa ne a ɗakunansu, kuma kyauta suke rabawa.

Buɗin iri biyu ne. Cikakken shi ne a sauya manhajar tushen gaba ɗaya da wadda aka yi wa kwaskwarima, ana kiran ta CFW. Wannan ya samo asali ne daga Disambar 2010, lokacin da ƙungiyar masu kutse ta fail0verflow ta nuna cewa Sony ta yi kuskure a lissafin sa hannunta na sirri: lambar da ya kamata ta riƙa sauyawa kowane lokaci, ita ɗaya aka yi ta maimaitawa. A Janairun 2011 wani mai kutse mai suna George Hotz ya wallafa mabuɗin sirrin, Sony ta kai shi kotu, suka sasanta a Afrilu. Daga nan kamfanin ya toshe ɓarakar a cikin na'urorin da ya ƙera daga baya. Shi ya sa duk na'urar da ta fito daga masana'anta da manhajar da ta wuce 3.56 ba ta karɓar CFW, kuma duk samfurin 3000 da 4000, har da na Oga, suna cikin wannan sahu. Su sai a 2019 aka samar musu da HEN, ƙaramar ƙofar da ɗalibin ke magana. HEN ba ya zama daram. Duk lokacin da aka kashe na'ura aka kunna, sai an sake tayar da shi.

Aikin ya ci kwana biyu. Aka sa wata manhajar tushe mai suna HFW a filas, cikin jakar PS3, cikin jakar UPDATE, aka ɗora ta a kan kowace na'ura. Ɗalibin ya ƙi taɓa komai sai da aka tayar da janareta, domin idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta manhajar tushe, na'urar na iya zama bulo. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 tayar da janareta da rana tsaka ba ƙaramin abu ba ne, Oga ya yi gunaguni, amma ya yarda. Sannan aka haɗa na'urorin da intanet ta wayar ɗalibin, aka shiga burauzarsu aka sauke HEN. Dukkansu uku suka karɓa.

Janairu 2024: wasannin sun ƙi tashi

Ɗalibin ya kwafi faifai 14 daga kwalin Oga zuwa kwamfutarsa, kowanne ya zama fayil ɗaya na ISO. Uku daga ciki sun goge har sai da aka nemo wasu kwafin a wurin wani mai shago a Tudun Wada.

Cikas na farko filas ne. PS3 a yadda ta zo tsarin FAT32 kawai take gani, shi kuma ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai 4GB. Faifan DVD na PS2 yana iya kai 4.7GB, mai hawa biyu kamar God of War II ya zarce haka nesa. Suka gyara wannan da kebul ɗin intanet, suka haɗa kwamfuta da na'ura kai tsaye suka tura ta FTP, wata hanyar aika fayil tsakanin na'urori. Dama ko da filas ɗin ya ɗauka, manhajar kwaikwayon ba ta karanta wasan PS2 daga filas, dole sai ya kwanta a rumbun ajiya na cikin na'ura.

Nan cikas na biyu ya fito. Harafin A da ke ƙarshen lambar na'ura ta uku yana nufin 12GB kawai gare ta, ba ta da rumbu ko kaɗan, gurbinsa a wofi yake. Sai da aka sayo rumbun tsohuwar laftof mai inci 2.5 aka cusa mata, aka tokare shi da guntun kwali saboda ba a samu ƙarfen da ke riƙe shi ba.

Na uku ya fi cin rai. Wasannin suna fitowa a jeri, a danna, allo ya yi baƙi ya dawo. Sun yi mako guda suna zargin kwafin. Ashe a ƙarƙashin HEN manhajar kwaikwayon ba ta karɓar ISO tsirararsa. Sai an lulluɓe shi da irin kullen da Sony ke yi wa nata, ya koma fayil mai suna ISO.BIN.ENC, tukuna ta ɗauka cewa daga shagon kamfanin ya fito. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta aka juya, aka sake turawa.

Daga cikin 14, takwas suka tashi nan take. GTA San Andreas na cikinsu, kuma ba mamaki, tunda yana cikin waɗanda Sony da kanta ta sayar ta wannan hanyar. Uku suka tashi bayan an haɗa musu ƙaramin fayil na CONFIG, wanda ke gaya wa manhajar yadda za ta bi da wasan da ke da wata ɗabi'a ta daban. Uku suka ƙi: biyu suna daskarewa a wuri ɗaya kullum, ɗaya na tseren mota kuwa yana jan ƙafa har ba ya buguwa.

Fabrairu 2024: fad, jinkiri da sabuntawa

Ƙwallo ta tashi, amma shagon bai huta ba. Da zarar na'ura ta shiga yanayin PS2 sai fad, abin da ake riƙewa a buga wasa, ya yanke, sai an danna maɓallin PS na tsakiya ya dawo. Fad na asali yana dawowa. Jabun kuwa, waɗanda su ne biyar cikin shida na shagon, wasu suna dawowa, wasu sai fitilunsu su yi ta ƙyaftawa. A ido ba ka bambanta su da na asali, har tambarin yana nan. Aka yi ta gwaji har aka ware uku masu aiki, Oga ya ɗaura musu jan salatif.

Sai ƙorafin manya. Suka ce akwai tazara tsakanin danna maɓalli da bugun ƙwallo. Ɗalibin ya ɗauka raki ne irin na wanda aka ci, har ya zauna ya buga da kansa ya ji. Wani ɓangare daga manhajar kwaikwayon ne, amma mafi yawa daga talabijin. Da can masu ƙeya ake amfani da su, waɗanda ke nuna hoto nan take. Yanzu filasma ce, tana tsayawa ta gyara hoto kafin ta nuna. Da aka sa talabijin ɗin a yanayin gem, aka kashe abin da ke lailaye hoto a saitin PS3, ƙorafin ya ragu, ko da yake wani tela bai taɓa yarda cewa an gyara komai ba.

Abin da ya fi gajiyar da yaron shago shi ne fita daga wasa. Duk lokacin da aka bar yanayin PS2 na'urar tana sake kunna kanta, HEN ya tafi. Idan na gaba yana son wani wasan, sai an tayar da HEN, wani lokaci ya kama a karo na farko, wani lokaci na'urar ta daskare a sake kashewa. A gida wannan ba komai ba ne. A shagon da mutum takwas ke jiran layi, kuma wuta na ɗaukewa sau da yawa a yini, rigima ce.

A ƙarshen watan Sony ta fitar da manhajar tushe ta 4.91. Ɗaya daga cikin na'urorin tana nan da saitin intanet ɗin wayar ɗalibin. Wata rana yana shagon da wayarsa a kunne, saƙon sabuntawa ya fito, wani yaro ya danna amincewa. HEN ya daina aiki a wannan na'urar, kuma samfurin 4000 ba a mayar da shi baya. Ta zauna tana cin faifan PS3 kawai har aka fitar da HFW da ya dace da 4.91. Daga ranar aka goge saitin intanet a dukkansu.

Maris da Afrilu 2024: zafi

Azumi ya kama 11 ga Maris, ciniki ya koma dare, daga bayan asham har kusan sahur. Lokacin bazara ne, ɗakin kwano ne, na'urorin kuma sun sha ƙurar hunturu. Ɗaya ta fara kashe kanta tsakiyar wasa.

Akwai wata manhajar haɗin-gida mai suna webMAN MOD da aka saka musu tun Janairu, wadda ke ƙara gudun fanka idan zafi ya hau. Sai dai a yanayin PS2 ba ta aiki, domin manhajar kwaikwayon tana kwace na'urar gaba ɗaya. Abin da take iya yi shi ne ta tsayar da fanka a kan gudu ɗaya kafin a shiga. Aka ɗaga wannan adadin. Mai gyara ya buɗe na'urorin ya hure ƙurar, ya sauya man da ke tsakanin cif da ƙarfen sanyaya, wanda ya bushe ya zama kamar alli. Aka sauke su daga cikin akwatin katakon da Oga ya ƙera don tsoron ɓarayi, aka huda masa gefe da baya. Ƙarar fanka ta ƙaru, kashe kai ya tsaya. Sun wuce cunkoson ƙaramar sallah lafiya.

Mayu da Yuni 2024: musanya, da kwalin ƙarƙashin benci

Saura matsalar HEN mai tafiya. Ɗalibin ya ba da shawara a musanya na'ura ɗaya da siririyar 2009 ko 2010 mai karɓar CFW. Wannan karon tare suka je kasuwa, da filas a aljihu ɗauke da wani ɗan fayil mai suna MinVerChk, wanda ke nuna manhajar da na'ura ta fito da ita daga masana'anta. Ta farko CECH-2504 ce, fes da ita, amma ta nuna 3.60, suka ajiye. Ta biyu CECH-2004 ce, duk ta sha ƙarce, mai sayarwar ma ya yi mamakin ganin an zaɓe ta. Ita suka ɗauka, suka ba da mai 12GB ɗin.

Kafin a taɓa ta an kwafi abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta an adana a wuri biyu, sannan aka ɗora CFW, nan ma a kan janareta. Bambancin ya fito tun daren farko. A kashe a kunna, buɗin yana nan. ISO yana tashi ba sai an juya shi ba. Yaron shago yana sauya wasa cikin minti ɗaya.

Wasannin nan uku kuwa ba su motsa ba. Manhajar kwaikwayon ita ce dai ta da, CFW bai ƙara mata komai ba.

A nan ne mai gyaran Sabon Gari, da ya ji labarin, ya tambayi ina tsofaffin PS2 ɗin suke. Aka jawo kwalin. Ya kawo memori kad da aka saka wa Free McBoot, manhajar da PS2 ke karantawa daga kad ɗin tun tana kunnuwa, tare da Open PS2 Loader mai tayar da wasa daga filas. Ba ruwansu da ido. Biyu cikin ukun suka tashi, ɗaya kuwa allon lantarkin cikinta ne ya ƙone. Wasannin nan uku da suka gagari PS3 duk suka yi aiki. Aibin wannan hanyar shi ne ƙofar USB ta PS2 tsohuwa ce, samfurin 1.1, don haka loda wasa na daɗewa kuma bidiyon farkon wasa na sarƙewa. Cikin fili kuwa, da an take ƙwallo, ba ka jin komai.

Abin da lamarin ya nuna

Hanyar haɗin-gida ta yi aiki: wasa 11 cikin 14 suna gudana a PS3, ta HDMI, a na'urar da kuma ke cin FIFA 19 da PES 2018 da yara ke so. Amma a ganina yawancin wahalar wata takwas ɗin ta fito ne daga rana ɗaya a Oktoba, ranar da aka sayi na'ura ba a karanta lambarta ba. Da samfurin 2000 ko 2100 aka saya tun farko, da juya fayil, da tayar da HEN bayan kowane wasa, da tsoron sabuntawa marar komawa duk ba su taso ba. HEN ya dace da mutum ɗaya a ɗakinsa. Bai dace da shagon da wuta ke yi wa wasan ɓuya ba.

Sauran matsalolin ba na manhaja ba ne, na wuri ne: jabun fad, talabijin, ƙura, zafin bazara. Bayanan da ɗalibin ke karantawa a intanet an rubuta su ne a ƙasashen da waɗannan ba su dami kowa ba, shi ya sa kowannensu sai da aka gano shi da gwaji.

Kuma idan buƙatar ita ce tsohon wasa kawai, to memori kad ɗaya ya isa tun 2022. Ban ga laifin ɗalibin ba, an nuna masa PS3 ne aka ce ya sa ta yi aiki. Babu wanda ya gaya masa akwai kwali a ƙarƙashin bencin da yake zaune a kai.

Akwai kuma batun da ba a warware ba. Buɗe na'ura ya saɓa wa sharuɗɗan Sony, kuma tana iya toshe duk wadda ta kama a kan hanyar sadarwarta, ko da yake na shagon ba sa shiga intanet. Faifan da aka kwafa kuwa yawancinsu na kasuwa ne tun asali, ba na kamfani ba, don haka hujjar da masu haɗin-gida ke kafawa, cewa mutum yana adana abin da ya saya ne, ba ta rufe Oga gaba ɗaya ba. Da aka yi masa maganar sai ya ce a nuna masa shago ɗaya a Zariya da ke sayar da PES 6 na asali.

A ƙarshen Yuni tsarin shagon ya tsaya haka: PS3 biyu masu HEN na yara, mai CFW tana tsakiya don duk wanda ke son sauya wasa, sai PS2 ɗaya a lungu da talabijin mai ƙeya da aka dawo da ita daga gida, sauran kuma a ajiye ko da ta farkon za ta gaza. Telan nan a lungun yake zama.